Gidan Ibadar Ettal da Badalar Kano

Duk Bahaushen da ke zaune a kudancin Jamus ya sani, in baƙi suka zo daga gida, fadar Neuschwanstein ce farkon inda za su ce a kai su. Hotonta ya cika duniya, ga ta can bisa dutse, tsaunukan Alps a bayanta. Sarki Ludwig na biyu na Bavariya ne ya aza harsashinta a 1869, ya rasu a 1886 ba a kammala ta ba, makonni kaɗan bayan rasuwarsa aka buɗe ta ga masu kallo. Yau fiye da mutum miliyan ɗaya ke shigarta a shekara. Baƙi kan tsaya baki buɗe su ce Turawa sun iya adana tarihi. Sai in tuna musu cewa masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya girme wannan fada. Gidan Rumfa kuwa ya ba ta kusan shekara 400.

In akwai abin koyi a yankin, ni dai ba a fadar na gan shi ba. A hutun makaranta na ɗauki mai ɗakina da yara muka bi ƙauyukan kwarin Ammer, muka yada zango a Ettal, gidan ibadar Kiristoci 'yan ɗarikar Benedikti da aka kafa a 1330. Wannan wuri ya ga ta kansa. Gobara ta cinye shi a 1744, aka sake ginawa. A 1803 gwamnati ta ƙwace shi ta sallami masu ibadar, sai a 1900 suka dawo. Da suka dawo ba su zauna jiran masu yawon buɗe ido ba. Sun buɗe makaranta, suna da masaukin baƙi da shago, suna kuma sarrafa giya, sana'ar da ni Musulmi ba zan yaba ba, amma da irin waɗannan kuɗin shiga ake gyaran rufi. Gini ne da ake kwana a ciki, ake salla irin tasu a ciki, ake karatu a ciki. Shi ya sa in ya tsage akwai mai gani tun da wuri.

Haka Oberammergau, ƙauyen da ke kusa. Zanen da ke jikin gidajensu ba na gidan tarihi ba ne, gidajen mutane ne, kuma har yau akwai masassaƙa a garin da ke koya wa matasa aikin itace. 'Yata ta tsaya gaban wani gida ta ce, "Baba, kamar zanen gidajen cikin birni." Gaskiyarta. Mu ma muna da shi: zanen dagi a ƙofar zaure, zankwaye a kan soro, ɗaurin guga da azara.

A nan raina ke ɓaci. Badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, an ci ta da gine-gine, an ɗebi ƙasarta, wasu wurare ta zama juji. Ƙofar Na'isa rushe ta aka yi don faɗaɗa titi. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Wasu za su ce ai ginin ƙasa ne, nasu na dutse. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa kafin damina ake yaɓe, a shafa makuba, a duba indararo. Wannan aikin shekara-shekara shi muka bari. Ɗan magini ya ga ba a girmama tubali, ya koma bulo da siminti, wa zai zarge shi?

Kuma kada a ce sai Turawa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye domin mutanen garin ba su daina salla a wurin ba, ba su daina yaɓe ta ba. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Ba na so a mayar da Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau wurin ɗaukar hoto kawai. Masarautunmu suna da sarautar Sarkin Magina. A ba shi almajirai da albashi, a ware masa kason gyara duk shekara kafin ruwa ya sauka, a sa makarantun firamare su riƙa kai yara su ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ɗaura azara. Attajiran da ke gina sabbin masallatai a kowace unguwa, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin yaɓen tsoho guda ɗaya.