Kwangilar gwamnati: wa ke duba aiki bayan an sa hannu?

Tun a watan Yunin 2007, lokacin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rattaba hannu kan dokar bayar da kwangila da sayen kayan gwamnati, Nijeriya take da ƙa'idojin da a takarda ba su da abin kushewa. Dokar ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan bayar da kwangilolin gwamnati, wadda ta gaji ofishin bin ƙa'ida da Obasanjo ya buɗe a fadarsa ƙarƙashin Oby Ezekwesili, ta kuma wajabta tallata kwangila a fili, da buɗe takardun neman kwangila a gaban jama'a, da samun takardar amincewar hukumar kafin a saki kuɗin manyan ayyuka. Ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ba tare da zaɓin biyan tara ba, ga jami'in da ya karya ta.

Matsalar ta fara ne daga sama. Dokar ta ce a kafa majalisar ƙasa ta musamman da za ta sa ido kan tsarin, ministan kuɗi ya shugabance ta, wakilan lauyoyi da injiniyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula su zauna a ciki, amma aka shafe fiye da shekara 10 babu gwamnatin da ta rantsar da ita. A maimakon haka, majalisar ministoci ce ta ci gaba da amincewa da kwangiloli a zamanta na ranar Laraba, wato waɗanda ya kamata a bincika su ne suka zama masu yanke hukunci. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Sai dai a ganina babban giɓin yana can bayan an sa hannu. Duk ƙarfin tsarin ya tattara ne kan takardu kafin a ba da aiki: shaidar biyan haraji, rajistar kamfani, takardar fansho. Ɗan kwangilar da ya san hanya zai haɗa waɗannan cikin mako guda, har ya shigo da kamfanoni uku nasa su yi takara da juna. Jami'i kuma zai yanyanka aiki ɗaya zuwa gida biyar, don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da zai sa a kai shi gaban hukuma. Daga nan a biya kuɗin fara aiki, wanda dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin ɗari, a kafa allon sanarwa a bakin hanya, a zuba tirela biyu ta yashi, shi ke nan. Duk wanda ya bi ƙauyukanmu ya san asibitocin sha-ka-tafi da ciyawa ta cinye da rijiyoyin burtsatse da ba su taɓa fitar da ɗigon ruwa ba, kuma binciken ayyukan mazaɓu da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara a 2019 ya sa 'yan kwangila da dama komawa bakin aikin da suka gudu suka bari, abin da ke nuna cewa ido kawai aka rasa tun farko.

Jihohi kuwa, inda yawancin makarantun firamare da hanyoyin karkara suke, dokar tarayya ba ta hau kansu sai idan aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗin aikin daga asusun tarayya ya fito. Da yawansu sun yi nasu dokokin ne saboda tallafin Bankin Duniya, gwamna kuma shi ke naɗa shugaban hukumar, shi ke tsige shi.

Abin da zan nema bai da tsada: kowace kwangila a wallafa sunan kamfani da masu shi na haƙiƙa, da kuɗinta, da ranar gamawa, a manna a ƙofar mai unguwa da Hausa da sauran harsunan yankin, kuma kada a biya kason ƙarshe sai mutanen wurin sun shaida an kammala aikin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta riga ta ba ɗan ƙasa damar tambaya, saura ma'aikatu su daina amsa masa da cewa fayil ɗin yana ofishin darakta.