Fatsar tirawut a Montana da sun da muke yi a gida: ba sakin kifin ne abin koyi ba

Duk wanda na gaya wa a Daura cewa a nan Montana ta Amurka mutum zai tuƙa mota tun asuba, ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya kama kifin da ake kira tirawut sannan ya cire ƙugiya ya mayar da shi ruwa, amsa ɗaya nake samu, wai ƙoshi ne. Kawuna ma da ya yi shekaru yana jefa birgi a madatsar Sabke cewa ya yi ai wannan wasa da rai ne, in ba za ka ci ba me ya kai ka huda masa baki. Wallahi ban raina maganar nan ba, zan dawo kanta. Amma ni ra'ayina shi ne mun tsaya kallon sakin kifin alhali ba nan darasin yake ba, darasin yana cikin shirin da mutum yake yi tun kafin ya taka bakin ruwa, kuma yanzu haka shirin nake yi na tafiyar watan Yuli shi ya sa abin yake raina.

Abu na farko, ba kai ke zaɓen rana ba, kogi ke zaɓa maka. Lokacin zafinsu, Yuni zuwa Agusta, daidai yake da daminarmu, sai dai ruwan nasu ba na sama ba ne, dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu tun hunturu ce ke narkewa tana gangarowa. To daga Mayu har cikin Yuni kogunan nan irin su Galatin da Yeloston sukan cika su yi jajir da laka su yi ta gudu, ba mai hankalin da zai tsaya a ciki, kifin ma ba ya ganin abin da ka jefa masa. Sai wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ruwa ya fara sauka ya washe har kana ganin duwatsun ƙasa. A daidai wannan lokacin ne wani ƙaton ƙwaro mai tsawon ɗan yatsa da ya yi shekaru yana ɓoye ƙarƙashin duwatsun kogin Madison yake rarrafowa waje ya yi fiffike, manyan kifaye su taso sama suna cafka, mutane kuma su taho daga jihohi masu nisa, ɗakin kwana ya yi wuya, wurin kafa tanti ma sai wanda ya kama tun da wuri. In ka makara ka kai Agusta wata matsalar ce, ruwa ya ragu ya ɗau zafi.

Maganar zafin nan ita ce ta fi ba mutanen gida mamaki. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ruwa mai sanyi kuma ya fi riƙe iskar oksijin, da zarar ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas kifin ya fara wahala, in ka kama shi a haka ka ja shi ya gaji ko ka sake shi zai iya mutuwa daga baya. Mu kuwa namu kifayen Allah ya yi su da juriya, tarwaɗa tana iya shaƙar iska ta zauna cikin ɗan ruwan caɓi, gaiwa ta shige laka ta yi rani guda tana jiran damina, karfasa ma zafi take so sanyi ne ke kashe ta. Shi ya sa a nan hukumar kifi da namun daji ta jihar take da doka, in zafin ruwan wani kogi ya kai digiri 73 a nasu ma'aunin, wajen 23 a namu, kwana 3 a jere, sai a hana fatsa a wurin daga ƙarfe 2 na rana har 12 na dare. Kuma ba sai ka je ka tarar ba, akwai na'urorin gwamnati a bakin koguna masu auna yawan ruwa da zafinsa, kana buɗe waya ka gani a intanet. Ni tsarin ya ma yi mini daidai, ka yi Asuba wadda a Yuli take fitowa da wuri sosai a nan, ka shiga ruwa da sanyin safiya, kafin Azahar ka fito ka naɗe.

Kayan aikin ba su da yawa amma kowanne da dalilinsa. Sanda ce doguwa mara nauyi wajen ƙafa 9, da igiya mai ɗan kauri wadda nauyinta ne ke kai ƙugiyar inda kake so tunda ƙugiyar ba ta da nauyin komai, an ɗaure ta ne da gashin tsuntsu da zare da gashin dabba ta yi kama da ƙwaro. Babu tana babu hanjin kaza. Sai ka duba wane ƙwaro ne ke tashi ranar, ka ɗaga dutse ka ga me ke maƙale a ƙasansa, ka zaɓi wanda ya yi kama da shi, ka jefa saman inda kifin yake ruwa ya kawo masa kamar ba igiya a jiki, in igiyar ta ja ƙwaron ko kaɗan ya gane ba zai taɓa ba. A Agusta fara suke so, farar nan dai da muke soyawa da yaji. Sai wandon roba mai kaiwa ƙirji, da takalmi mai kama dutse, da ɗan ma'aunin zafi a aljihu, da feshin barkono saboda beyar, ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, don dajin nasu ne ba naka ba.

Sai takardu. Lasin na jiha daban, in kuma za ka shiga gandun dajin Yeloston, wanda aka kafa tun 1872, nasa izinin daban, kuma a can ba a yarda da dalma ba, ƙugiya ma sai ka matse ɗan haƙorin nan da ke hana ta fita. Kuɗin lasin jihar hukumar kifin yake tafiya, kuma tun 1950 akwai dokar tarayya da ta sa haraji a kan kayan fatsa ana raba wa jihohi don kula da ruwa da kifi. Wato mai fatsa shi ke biyan mai gadin da zai kama shi in ya karya doka, kuma yana ganin inda kuɗinsa ya shiga. Wannan ganin shi ne abin da masuncin gida bai samu ba, ana karɓar kuɗi a hannunsa da sunaye iri-iri amma bai taɓa ganin wani ya zo ya auna ruwa ko ya ƙirga kifi ba, to ta yaya zai yarda doka don shi aka yi.

Yanzu maganar Kawu. Kawu, gaskiyarka ce addininmu bai yarda a wahalar da dabba don nishaɗi kawai ba, kuma ba mu kaɗai ba, ƙasar Suwizalan ma ta hana mutum ya fita fatsa da niyyar saki. Ni kaina inda doka ta ba da dama nakan ɗauki abin da zan gasa in ci in daina, ban ga amfanin mutum ya wuni yana huda bakin kifi yana ɗaukar hoto don Facebook ba, kuma ina faɗa wa abokan tafiyata haka. Amma a sani sakin nan ba tausayi ne tushensa ba, lissafi ne. A Yeloston ɗin nan akwai tirawut ɗan asalin wurin mai jan zane a maƙogwaro, shi in ka kama dole ka saka. Akwai kuma wani baƙon tirawut na tafki da aka gano a tafkin Yeloston a 1994 yana cinye 'yan asalin, shi kuma in ka kama a tafkin dole ka kashe, laifi ne ka mayar da shi da rai. Gandu ɗaya, mutane ɗaya, wannan a saki wancan a kashe, saboda sun zauna sun duba wanne ne ke ƙarewa wanne ne ke yawa. Tirawut mai launin ruwan ƙasan nan ma da suke alfahari da shi baƙo ne, daga Jamus aka kawo ƙwansa a 1883.

Ni ba zan taɓa ce wa mutumin da ke shiga madatsar Daberam ko Sabke da gora da koma don ya samu na cefane ya saki kifinsa ba, rashin kunya ne ma in faɗa daga nan. Shi abincin iyalinsa ne, mai zuwa Madison hutu ya zo. Abin da nake cewa a ɗauka shi ne ruwa ya samu lokacin da ake ɗaga masa ƙafa, kuma a samu wanda maganarsa ke tsayar da kowa.

Kuma ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Je ka Argungu, bikin da aka faro a 1934 wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, me ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka daga Matan Fada? Saboda an hana su a wurin sauran shekara, Sarkin Ruwa ya ce kar a shiga kuma ba a shiga. Sarautar Sarkin Ruwa tana nan a garuruwanmu ma, kakanninmu sun san gulbin da ake bari sai ranar da aka yi shela a shiga tare. Abin da ya canza shi ne ruwan kansa. Mu a ƙasar Katsina yawancin gulabenmu na damina ne, da rani rairayi ne sai a yi ta tono, kifin da muke samu yanzu na madatsu ne, Zobe da aka gama a 1983 a kan Karaduwa, da Jibiya, da Ajiwa, da namu na wajen Daura. Madatsa kuwa ta gwamnati ce, ba gadon wani gari ba, sai aka wayi gari Sarkin Ruwa yana da rawani amma ba shi da hurumin hanawa, ma'aikaci yana da takarda amma ba ya kwana a bakin ruwa, tsakanin su biyun kowa ya shiga da abin da ya ga dama. A wasu wuraren ma rashin tsaro ya hana masunta fita da asuba balle a yi maganar mai sa ido, wannan kam ciwo ne da ya fi na kifi.

Abin da ya fi ci mini rai gidan sauro ne. Wanda aka raba don zazzaɓin cizon sauro shi ake ɗinkewa a ja a bakin ruwa, ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, a soya a sayar a leda. Ga masu zuba maganin ƙwari na gamalin su kashe komai har kwaɗi, mutane kuma su saya su ci. Manomin da ya fi kowa yunwa ba ya dafa irin da zai shuka, to wannan shi ne dafa iri. Kuma ba wai babu doka ba, dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba sai a wasu keɓaɓɓun kamu. Tana nan a rubuce, masunci nawa ne aka taɓa karanta wa ita da Hausa a bakin ruwa?

Kullum in kifi ya ragu sai ka ji ana cewa gwamnati ta zo ta zuba iri. Montana ta bi wannan hanyar shekara da shekaru, tana kiwon kifi tana juyewa a koguna, har aka yi gwaji a kogin Madison aka daina zubawa a wani yanki sai aka ga kifin da ke haihuwa da kansa ya ƙaru ya kuma fi girma, shi ne a 1974 suka daina zuba na kiwo a kogunansu suka koma gyaran ruwan da wurin da kifi ke ƙwai. Gaskiya har gobe suna zubawa a tafkuna da madatsu, mu kuma madatsu muke da su, don haka ban ce zuba iri banza ne a wurinmu ba. Amma ka zuba yau gidan sauro ya kwashe jibi, kuɗin ya bi ruwa ke nan.

Tarwaɗa tana ƙwai ne a farkon damina lokacin da sabon ruwa ya hau kan ciyawa a gefe-gefe, kowane tsohon masunci ya san wannan fiye da ni don shi ke fasa cikinta ya gani. Ba sai an rufe madatsa duka ba, a Montana ma ba kogi duka suke rufewa ba, yanki ne kuma na wani lokaci. A ware bakin da ruwa ke shigowa da fadamun da ke cika, a ce daga saukar damina har ruwa ya tsaya ba taru ba gidan sauro a nan, tsakiyar ruwa kuma a ci gaba da kalli da mamari. Lokacin ya ma faɗo daidai da noma, yawancin masu sun namu suna da gona. Idon raga kuma ba sai an kawo milimita ba, da yatsa masunta ke aunawa, a tsayar da yatsa nawa ne a gaban kowa. Wanda zai yi shelar Sarkin Ruwa ne da goyon bayan Hakimi, ƙaramar hukuma ta tsaya masa in an kawo mai laifi, kuɗin da ake karɓa a bakin ruwa kuma a ware wani abu a biya samarin da za su riƙa zagayawa da kwalekwale, su ma daga cikin 'ya'yan masuntan za a ɗauko su tunda su suka san inda ake ɓoye taru da dare.