Giya ta Ɗaya Mai Gudun Kilomita 110

Duk wanda ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi ya san aikin ba ya ƙarewa a kan inji, domin ƙarfin da bai sami hanyar isa taya ba hayaniya ce kawai. Tawa tsohuwar mota ce mai ja da tayoyin baya, kuma tun da na sa mata babban kamshaf, wato sandar da ke buɗewa da rufe bawulolin inji, halinta ya sauya: ƙasa da juyi 3,000 a minti tari take yi tana kakkarwa, amma da zarar allura ta haura 4,500 sai ta farka da fushi. Abin da ya rage shi ne in samo giyabos da zai riƙe injin a inda yake da kuzari, don haka na zauna da biro da takarda.

Giyabos biyu ne a gabana, duka ƙirar Muncie masu giya huɗu, irin waɗanda General Motors ya riƙa sa wa motocinsa a shekarun 1960. Na farko giyoyinsa a wawware suke, 2.52 da 1.88 da 1.46 da 1.00, na biyu kuwa a matse suke, 2.20 da 1.64 da 1.28 da 1.00; kowace lamba na nuna juyi nawa inji ke yi kafin sandar da ke fita daga giyabos ta yi juyi ɗaya. Lissafi ya nuna mini cewa idan na bar giya ta uku a juyi 6,000 na shiga ta huɗu, na farkon zai jefar da injin zuwa wajen 4,100, inda yake gyangyaɗi, shi kuwa na biyun zai ajiye shi a kusan 4,700, inda yake a farke. Na zaɓi na biyu, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa lissafin nan ba shi da makusa.

Da na kai wa bakanike, sai ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu, ya ce, "Yallaɓai, aksul ɗinka na baya fa 3.08 ne." Na ce masa, "Malam, giyabos na kawo maka, ban kawo maka ƙarar aksul ba." Ya yi murmushi irin na wanda ya hango aiki na biyu, ya ɗaura.

Abin da yake nufi shi ne, giya ta ɗaya ba ita kaɗai take aiki ba, ana ninka ta ne da ta aksul, wato giyar da ke tsakanin tayoyin baya. Idan aka ninka 2.20 da 3.08 ana samun kusan 6.8, kuma da taya mai zagayen mita biyu da ɗoriya, wannan na nufin giya ta ɗaya za ta kai ni kilomita 110 a awa a juyi 6,000 kafin in nemi ta biyu. A filin tsere wannan abin alfahari ne. A cikin cunkoso kuwa, inda motoci ke tafiyar ƙafa, ko ban taɓa totur ba motar tana neman kilomita 16, alhali injin ba ya son a yi masa magana ƙasa da juyi 3,000. Ƙafata ta hagu ta koma zama a tsakiyar kuloci, ba ta saki ba, ba ta danne ba, har cinyata ta soma rawa da kanta.

A wata danja da ke kan hawa abin ya kai maƙura. Kore ya kawo, na saki kuloci, ta mutu. Na tayar, na ba ta wuta har gilasan motocin kusa suna amsawa, na saki a hankali, sai ta ja baya taku ɗaya, ƙaurin kuloci ya turnuƙe wurin. Wani dattijo a kan keke ya tsaya daidai tagata ya ce, "Ɗana, wani abu na ƙonewa a motarka." Na ce masa motar tsere ce. Ya dube ta, ya dube ni, ya taka kekensa ya haye hawan ya bar ni.

Na koma wurin bakanike, ba don na sauka daga ra'ayina ba, sai don in ba aksul damar gyara halinsa. Aka sa 4.56, giya ta ɗaya ta koma kusan 10, motar ta riƙa tashi tana kartar kwalta. Sai dai giya ta huɗu 1.00 ce, babu ta biyar da za ta sassauta wa injin, saboda haka a kilomita 100 yana juyi kusan 3,700, yana kururuwa ba hutu. Matata ta kira wannan gyaran gangar auzinawa, ko da yake a motsin leɓenta na karanta, domin ba a jin magana a cikin motar.

Riba ɗaya dai na samu wadda ban yi tsammani ba. Maleji daga giyabos yake ɗaukar lissafinsa, bai kuma san an canja aksul ba, don haka ya fara nuna mini kusan 150 a kan babbar hanya alhali ina kan 100. Na nuna wa matata allurar da yatsa, ina ɗaga gira. Ita kuma ta nuna mini taga, inda wata tirela maƙare da kaya take wuce mu sannu a hankali, yaron motar yana ɗago mana hannu. Na yi ihu yadda za ta ji, na ce mata ya kamata hukuma ta binciki direban nan, domin bai dace tirela ta riƙa gudun 160 ba.