Ba yunwa ce ta mayar da Snow azzalumi ba

Wanda bai karanta littafin The Ballad of Songbirds and Snakes na marubuciya Suzanne Collins ba kuma ba ya so a ɓata masa labari, ya tsallake wannan rubutu, don zan faɗi har ƙarshensa.

Tun kafin The Ballad of Songbirds and Snakes ya shiga kasuwa aka fara tayar da jijiyar wuya a kansa. A watan Janairun 2020 mujallar Entertainment Weekly ta Amurka ta buga wani yanki nasa, sai mutane suka gane cewa tauraron labarin Coriolanus Snow ne, shugaban nan na Panem, ƙasar da aka ƙirƙira a littattafan Hunger Games uku na farko, da ke kallon yara suna kashe juna a gasar Hunger Games ko a jikinsa. Masu karatu da yawa sun so a ba su tarihin Haymitch ko na Finnick, waɗanda suka taɓa cin gasar. Ƙorafinsu shi ne Suzanne Collins za ta wanke azzalumi, ta sa a ji tausayinsa. Littafin ya fito ranar 19 ga Mayu, 2020, ana tsakiyar kullen korona, kuma har yau akwai masu riƙe da wannan ƙorafi. Ni ban yarda da su ba, duk da na san inda tsoron nasu ya samo asali.

Labarin ya koma baya da shekara 64 kafin abin da ya faru a littafin farko, lokacin gasa ta 10, Snow yana ɗan shekara 18. Gidansu babban gida ne a Kapitol, babban birnin Panem mai mulkin gundumomin ƙasar, amma yaƙi ya cinye dukiyar, tunda jarin nasu yana Gunduma ta 13 da aka ragargaza. Uwa ta rasu, uba ya rasu, saura shi da kakarsa da 'yar'uwarsa Tigris. Miyar kabeji suke sha, suna rufa wa kansu asiri kada maƙwabta su gane. Ranar da zai fita taron makaranta, tsohuwar rigar mahaifinsa Tigris ta gyara masa, maɓallan ma daga tayil ɗin banɗaki aka yi su. Duk mai imani zai ji tausayin yaron nan a shafukan farko. Ni ma na ji.

To amma a dubi waɗanda marubuciyar ta jera kusa da shi. Tigris ta sha yunwar da ya sha, a gida ɗaya, daga tukunya ɗaya, kuma ita ce mai cewa a tausaya wa yaran da aka kawo gasar daga gundumomi. Lucy Gray Baird, mawaƙiyar Gunduma ta 12 da aka ba shi ya horar, marainiya ce, a taragon dabbobi aka kawo ta, aka zuba su a kejin birai a gidan zu, amma ba ta zama irinsa ba. Sejanus Plinth kuwa, abokin karatun Snow, yana da kuɗi kamar ƙasa, ya ƙi rufe baki a kan zaluncin. Da wahala ce ke haifar da mugunta, da waɗannan biyu na farko sun riga Snow. Abin da littafin ya nuna shi ne yaro mai wayo wanda duk lokacin da aka ajiye masa hanya biyu sai ya bi wadda za ta ɗaga shi, sannan ya zauna ya tsara wa kansa hujja mai daɗin ji.

Maganar Sejanus ce ta fi tsaya mini a rai. Yaron nan ya ɗauki Snow ɗan'uwa. Mahaifiyarsa tana aiko musu da kwalin kayan maƙulashe har barikin Gunduma ta 12, inda aka tura su aikin soja bayan gasar, Snow yana ci yana rabawa. Ranar da Sejanus ya buɗe masa cikinsa a kan shirin taimakon 'yan tawaye, sai Snow ya naɗi maganar da wani tsuntsu mai riƙe murya, ya bari aka aika wa Dakta Gaul, shugabar masu tsara gasar. Aka rataye Sejanus yana kiran uwarsa. Snow ya yi kuka, ban musa ba. Amma bayan kukan me ya biyo baya? Iyayen mamacin, da ba su san komai ba, suka mayar da shi magajinsu, shi kuma ya karɓa hannu biyu. A ina aka wanke shi a nan? Wannan cin amana ne da ko a littattafai uku na farko ba mu ga kamarsa kusa da ido haka ba, domin a can daga nesa muke hango Snow, ta idon Katniss, tauraruwar waɗancan littattafai. A nan muna cikin kansa, muna jin yadda yake lissafi.

Son da yake yi wa Lucy Gray ma na mallaka ne. A zuciyarsa tasa ce, kamar kayan da ya saya. Da ya gano bindigogin da za su tona masa asiri kan wani kisa da ya yi, ya ga ita kaɗai ta rage shaida, nan take soyayya ta koma farauta, ya bi ta daji yana harbi.

Akwai sukar da na karɓa. Littafin ya haura shafi 500, kashi na uku yana jan ƙafa, sannan ƙarshen ya zo a guje. Muhawarar Dakta Gaul a kan ɗabi'ar ɗan Adam, wadda ke da alaƙa da ra'ayin Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, wani lokaci takan yi kama da darasin aji. Wannan magana ce ta fasaha, kowa da ɗanɗanonsa.

Waɗanda suka fi damuna su ne ɗaya ɓangaren, wato masu kare Snow. Da fim ya fito a Nuwamban 2023, Tom Blyth ya fito a matsayin Snow, Rachel Zegler a Lucy Gray, sai TikTok ta cika da bidiyon yabon kyansa, wasu har suna nema masa uzuri, wai duniya ce ta juya masa baya, wai da yarinyar ba ta gudu ba da bai lalace ba. Wato laifin ma an ɗora wa wadda ta tsere da ranta. Fim ba ya iya nuna abin da ke cikin zuciya yadda rubutu ke yi, don haka mai kallo yana ganin kyakkyawar fuska da hawaye, ba ya jin raini da hassadar da ke gudana a ƙasa. Haka mutanen Kapitol suka ruɗu da shi, ga ladabi, ga iya magana, ga sunan gida. Shugaban makarantarsu, Casca Highbottom, yana cikin ƙalilan da ba su taɓa yarda da shi ba, shi ne kuma Snow ya sa wa guba a ƙarshe.

Masu son labarin Haymitch sun samu nasu a Maris ɗin 2025 da littafin Sunrise on the Reaping. Masu kare Snow kuwa, don Allah ku nemi littafin ku karanta babin Sejanus da kanku, sannan ku dawo mu yi muhawarar.