Ƙarfin cocin Turai bai taɓa zama a hannun Paparoma shi kaɗai ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen ikon coci a Turai ta ƙarni na 11 zuwa na 13, misalin da ake fara kawowa shi ne na Canossa, a arewacin Italiya, inda a watan Janairun 1077 Sarkin Jamus Henry na Huɗu ya yi kwana uku a ƙofar fada cikin tsananin sanyi, yana roƙon Paparoma Gregory na Bakwai ya janye korar da ya yi masa daga coci. Daga nan sai a yanke hukunci cewa Paparoma yana juya sarakuna yadda ya ga dama. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

Asalin rigimar ita ce wa ke da hurumin naɗa bishop, wato babban limamin da ke shugabantar majami'un wani yanki, sarki ko Paparoma, kuma ba ƙaramar magana ba ce, domin bishop a lokacin mai filaye ne, mai dakaru, wanda sarki ke dogaro da shi wajen tafiyar da mulki. Da Gregory ya kori Henry a 1076, ya kuma warware mubaya'ar da talakawansa suka yi masa, hakiman Jamus, waɗanda dama suna jin haushinsa, suka samu hujja. Suka taru a Tribur suka gindaya masa sharaɗin ya wanke kansa cikin shekara guda ko ya rasa gadon sarauta. Tsoronsu ne ya tsallakar da shi tsaunukan Alps zuwa Canossa. Da ya samu gafara ya koma ya yaƙe su, a 1084 ya shiga Roma da wani Paparoman da shi ya ɗora, Gregory kuwa ya rasu yana gudun hijira a Salerno a 1085. Rigimar ba ta lafa ba sai da yarjejeniyar Worms ta 1122, wadda ta raba hurumin tsakanin ɓangarorin biyu.

To, ina ƙarfin yake? Yana cikin rayuwar talaka ta yau da kullum. A lokacin, coci ne ke yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, shi ke binne mamaci, kotunansa ne ke shari'ar aure, kuma manomi yana kai masa kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. A ƙididdigar filaye ta Ingila ta 1086, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasa yana hannunsa. Karatu da rubutu ma galibi na malamansa ne, har sarki ba ya iya fitar da takarda ba tare da su ba. Wanda ya riƙe waɗannan ba ya buƙatar runduna kafin a saurare shi.

Amma ko wannan ƙarfin yana da iyaka. A 1208 Paparoma Innocent na Uku ya dakatar da yawancin ibadun coci a Ingila, saboda Sarki John ya ƙi amincewa da Stephen Langton a matsayin babban bishop na Canterbury. John ya jure shekara biyar, yana ma kwashe kuɗin shigar coci zuwa baitulmalinsa. Bai sunkuya ba sai a 1213, da ya ga Faransa na shirin mamaye shi, manyan ƙasarsa kuma ba su tare da shi.

Da sarakuna suka gina ma'aikatu da lauyoyi da hanyoyin haraji nasu, sai lissafi ya sauya. Paparoma Boniface na Takwas ya shelanta a 1302 cewa ceton kowane mutum ya rataya ga biyayya ga Paparoma, amma a shekarar da ta biyo baya mutanen Sarkin Faransa Philip na Huɗu suka kama shi a garin Anagni na Italiya, ya rasu bayan 'yan makonni, kuma daga 1309 fadar Paparoma ta bar Roma ta koma Avignon, a kudancin Faransa ta yau, na kusan shekara 70.