Billy Higgins, mai gangar da sunansa yake bayan faifai

Jama'a ni fa akwai abin da yake ci min rai a harkar kiɗan jaz. Mai busa ƙaho shi ake manna hotonsa a gaban faifai, shi kuwa mai ganga sai ka juya baya ka ƙura ido kafin ka hango sunansa can ƙasa. Ku ɗauki Billy Higgins, haifaffen Los Angeles a 1936. Mutumin nan yana cikin yaran mai busa saksofon Ornette Coleman lokacin da suka je New York a 1959 suna wasa a kulob ɗin Five Spot, kiɗan da ya raba kan masana gida biyu, wasu na cewa sabon abu ne wasu na cewa hayaniya ce kawai.

Daga nan kamfanin faifai na Blue Note ya riƙe shi kam, kusan duk wanda zai shiga situdiyo sai a ce a kira Billy. Gangar da ke cikin kiɗan Watermelon Man na Herbie Hancock a 1962 hannunsa ne. The Sidewinder na Lee Morgan, wanda ya yi kasuwa fiye da yadda kamfanin ma ya zata, hannunsa ne. Dan Allah ku saka belun kunne ku bi faranti ɗin nan na ƙarfe da yake kaɗawa da hannun dama, baya gaggawa baya jan ƙafa, yana ta tafiya sumul sai ka ji mai busa ya samu wurin taka ƙafa. Kuma yana yi yana murmushi, har laƙabin mai murmushi aka yi masa.

Wlh a ganina aikin ɗan situdiyo ya fi na shugaban ƙungiya wuya, yau kana bayan wannan gobe kana bayan wancan, kowa da halinsa, an miƙo maka kiɗan da baka taɓa ji ba kuma dole ka zauna daram cikin awanni kaɗan, a biya ka kuɗin ranar shikenan, faifai ya yi ta sayuwa shekara da shekaru. Mu ma nan haka ne ai, kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne zai iya kawo sunan masu kalangunsa?

A 1989 Billy da mawaƙin baka Kamau Daáood suka buɗe World Stage, wurin kiɗa da koyarwa a unguwar Leimert Park ta Los Angeles, yana koya wa yaran unguwa ganga da kansa. Ciwon hanta ya sa shi gaba har aka yi masa dashe, ya rasu a 2001 yana da shekara 64.