Kunya ce ke cinye kuɗin gyaran tsohon babur

Ranar Lahadin da ta wuce, ina dawowa daga kasuwar Pitowa da rana tsaka, na tarar da wani matashi a gefen kwalta yana tura babur, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Babur ɗin kuwa sai sheƙi yake: sabon fenti ja, madubai masu zanen harshen wuta, an yi wa sirdi riga mai geza, har da ƙananan fitilu shuɗaye a ƙarƙashin tanki. Na tsaya na ce, "Ƙanina, mai ne ya ƙare?" Ya ce, "A'a Yaya, sarƙa ce ta tsinke." Na duƙa na duba farantin baya. Haƙoransa duk sun siɗe, sun karkace gefe guda kamar bakin lauje. Na tambaye shi nawa ya kashe a fenti da wannan kwalliya. Da ya faɗa, kuɗin ya isa a sayi sarƙa da farantai biyu har a karɓi canji.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taka wannan rawar. Na ce ya hau, na sa ƙafa a matakin babur ɗinsa na turo shi har bakin gari wajen masu gyara. Tun daga ranar maganar nan ke cina, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan.

Ana yawan cewa tsohon babur rijiya ce, kome ka zuba ba ta cika. Ni ban yarda ba. Abin da na gani a nan Garwa ta Kamaru shi ne mutum ya sayi na hannu saboda ƙarfinsa ke nan, sai kuma ya koma jin kunyar a gane na hannu ne. Kuɗin farko da ya shigo sai ya tafi wajen ɓoye tsufan: fenti, sitika, sabon murfin gefe, ham mai kukan jirgin ƙasa. Birki na nan yadda yake, taya ta yi sanƙo, baƙin mai ya koma kamar kunun kanwa. Wata biyu inji ya buga, sai ka ji ana cewa ai dama araha ba ta ado. Alhali adon ne ma ya kashe shi.

Nawa na saye shi sefa dubu 130, shekara biyu ke nan. Ɗan Chana ne, sunan kamfanin ma ya goge daga jikin tanki. Sabo a lokacin ya haura rabin miliyan, ni kuwa ɗinki nake yi, ina kai kaya kasuwannin ƙauye, kuɗin kilando, wato acaba, kullum ya ishe ni. Kuskurena na farko tun wajen ciniki na yi shi. Dillali ya kawo min shi injin da ɗumi, bugu ɗaya ya tashi, na ce ma sha Allah. Washegari da asuba na yi ta buga kik har cinyata ta yi tsami. Tun daga nan na koyi darasi: in za ka sayi na hannu, ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji kafin a tayar. In ka ji ɗumi, an riga ka ne. Ka ce za ka dawo gobe, kuma kada a taɓa shi. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗin ya gama ba ka amsa.

Abu ɗaya da na yi daidai, kuma kawuna ne ya matsa min, shi ne takarda. Ya ce, "Kai yaro, kada ka ba da ko dala sai ka ga kart-giriz, takardar mallakar babur, ka kuma karanta lambar da ke jikin ƙarfen wuya da idonka." Muka goge tsatsa da yashi muka gwada lamba da lamba. A garin da ke kusa da iyaka kamar namu, babura na shigowa ta Demsa da sauran hanyoyi, wani da takardar kwastan, wani babu, wani kuma mai shi na can yana cigiya. Babur marar takarda sayen kifi a ruwa ne. Kome arharsa, ranar da aka tare ka a shinge za ka biya cikon kuɗin, wataƙila har da kwana a inda ba ka so. Ku kuma duba wuyan firam ɗin da kyau. In akwai alamar walda a wurin, babur ɗin ya taɓa cin karo mai tsanani, kuma ba zai sake tafiya sak ba. Inji ana gyarawa. Karyayyen wuya, ka bar wa mai shi kayansa.

To bayan na saya, me na fara yi? Fenti. Wallahi fenti. Na kai shi aka fesa masa baƙi, aka manna masa sitika, na shigo unguwa ina jin kaina. Kwana tara bayan nan, wajen gangaren gadar Binuwai, wata akuya ta faɗo min, na taka birkin baya ya tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Allah ya tsare, gwiwa da tafin hannu kawai na kurje, sai sabon fentin da kwalta ta kankare min gefe guda. Ita akuyar ko waiwaye ba ta yi ba.

Da na kai shi wajen wani dattijon makanike da ke aiki a ƙarƙashin dalbejiya, bai ce min sannu ba sai da ya kwance tayar baya ya miƙo min takalman birki. Ƙarfe ne zalla, abin da ke kama gangar ya cinye tas. Ya ce, "Ɗana, nawa ne a aljihunka? Faɗa min gaskiya, don in san ta inda za mu faro." Na ce, "Baba, dubu goma sha biyar." Ya ce to wannan watan abin da zai tsayar da kai za mu saya, wata mai zuwa mu nemi abin da zai tafiyar da kai. Takalman birki gaba da baya, sabuwar wayar birki, da tayar gaba. Shi ne ya nuna min lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tawa ta haura shekara bakwai, gefenta duk ya tsattsage. Da zafin Maris da Afrilu na garin nan, lokacin da ake haura digiri 40, irin wannan tayar jiran rana kawai take.

Wata na biyu na zo da niyyar a buɗe inji, don wani yaron gareji ya riga ya ce min sai an sa sabon fistan da zobba. Baba ya ce in tayar. Ya tsuguna a bayan salansa ya kalli hayaƙi, ya sa tafin hannu ya shinshina. Ya ce hayaƙi baƙi ne, ba shuɗi ba. Shuɗi shi ne inji na ƙona baƙin mai, nan ne ake zancen zobba. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ya buɗe akwatin iska ya zaro soson, ga shi nan ya daskare da ƙurar hunturu kamar tubali. Ya wanke shi da kalanzir, ya matse, ya shanya, ya ɗiga masa ɗan mai. Ya kwance kafireta ya zazzage a cikin murfin gwangwani: jan tsatsa, yashi, da ɗigon ruwa yana yawo a ƙasan fetur. Ya hura ƙananan ramukan, ya ƙi yarda yaronsa ya tsokane su da waya, wai ramin zai buɗe babur ya koma mashayi. Ya sa sabon buji, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa fulogi. Sannan ya bar injin ya huce sarai, ya zaro wani siririn ma'auni daga aljihu ya daidaita bawul a kan 0.08 na milimita. Bugu ɗaya ya tashi, kuma sautinsa ya sauya. Duk aikin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin buɗe inji ba.

Nan ne nake da ƙorafi a kan wasu masu gyara, ba duka ba. Buɗe inji ya fi kawo kuɗi, don haka shi ake fara ambata. Mu ma masu babur muna da laifi, don in makanike ya wanke soso ya ce an gama, sai mu ga kamar bai yi aiki ba. Mun fi son mu ga an baje ƙarafa a kan buhu.

Dalilin da ya sa irin wannan babur ke jure wulaƙanci ba ɓoyayye ba ne. Yawancin 'yan Chanan nan masu lamba 125 da 150 kwaikwayon injin Honda CG125 ne, wanda aka fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashe irin namu, inda aka lura mutane ba sa yin juye, wato sauya baƙin mai, a kan lokaci kuma suna lodin da ya wuce kima. Sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, babu sarƙar cikin inji da za ta saki ta dame ka. Kayansa kuma ko'ina akwai, daga babbar kasuwar Garwa har Marwa da Kusuri, wasu ta Mubi da Yola suke shigowa. Shi ya sa in mai ƙaramin ƙarfi ya tambaye ni, nakan ce ya nemi mai irin wannan injin, ko tsohon Boxer ko TVS, ya rabu da wani baƙon samfuri da za a ce sai an aiko da kayansa daga Duwala.

Tsofaffin masu hayaƙi kuwa, irin AX100 da ake haɗa wa fetur da mai, ina son kukansu, da su muka tashi. Amma lissafi ya sauya. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, da muka dogara da shi shekara da shekaru, shi ma ya daina zama na banza tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Babur mai shan mai yanzu ko kyauta aka ba ka, sai ka yi tunani.

Tun da na ambaci zuwa-zuwa: ba zan yi munafunci in ce ba na saye ba, kowa na saye. Amma man da ya kwana a jarka, aka juye a kwalba, ya wuni a rana da ƙura, ba ya rasa datti. 'Yar matatar roba da ake sa wa a tiyon fetur kuɗinta bai kai na farantin shinkafa ba, ita ce kuma ta raba ni da wanke kafireta duk wata. In mai sayarwa zai zuba maka, ka ce ya sa ƙyalle a bakin mazurari. Ba raini ba ne.

Inda ban yarda a yi tsumulmula ba shi ne baƙin mai. Injin nan abin da yake ɗauka bai wuce lita guda ba. Lita guda! A kan wannan ne mutum zai je ya sayi na awo a tsohuwar gorar ruwa, wanda ba a san daga durowar da ya fito ba. Sayi na gwangwani a rufe, 20W-50 wanda aka yi don babur, domin kulocin babur a cikin man yake wanka, wani man mota na sa shi santsi. Agogon kilomita na ya mutu tun kafin in saya, don haka na ɗaura juye da albashin yaran shagona: ranar da na sallame su a ƙarshen wata, ranar nake juye. Kuma duk juye a ciro 'yar ragar da ke bayan murfin da ake zubar da man ta nan a wanke. Da yawa ba su ma san tana wurin ba.

Sarƙa ita ce ta wata na uku. Na so in sayi sarƙa kaɗai, Baba ya ce sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti kamar sabuwar amarya ce a ɗakin da ke yoyo, ba za ta daɗe ba. Sai na ƙara haƙurin mako biyu na sayi ukun tare. Yanzu duk Juma'a kafin masallaci nakan duba sakinta, kamar faɗin yatsa biyu, in ɗiga mata ragowar man juye. Hular kwano ma a watan na saya, ta hannu, bayan gwiwata ta tuna min cewa kai ba ya da faci.

Kada a ce na ce kowa ya sayi tsoho. Wanda zai yi kilando daga asuba zuwa dare, ranar da babur ya kwana a gareji ranar gidansa ba a ɗora tukunya ba. Shi kam in ya samu sabo ko da biyan kaɗan-kaɗan ne, ya fi masa. Haka wanda ba ya iya riƙe sifana, ba ya kuma son koya, ba shi da makaniken da ya yarda da shi. Tsohon babur na son mai sauraro, wanda zai ji sabon ƙara ya tsaya ya duba tun bai zama babba ba. Kuma akwai iyaka: in kuɗin saye da na gyaran wata shida za su kusan kai rabin kuɗin sabo, a haƙura a ci gaba da tari.

Nawa dai duk abin da na kashe a gyara cikin wata biyar, in aka cire fentin banza, bai kai dubu 70 ba, kuma tun daga lokacin bai taɓa kwana a hanya ba. Damina biyu ya yi yana kai ni ƙauye da buhun kaya a baya. Gefen da kwalta ta kankare har yau yana nan a kankare, maiɗakina na kiransa "mai tabo", yara a layi kuma in na wuce sai su ce ga tsoho mai ran ƙarfe. Jiya ma ta sake tambayata yaushe za a yi masa fenti. Na ce mata shokozoba na baya ne a kan layi, in an sayar da auduga kasuwa ta buɗe. Shi kuma yaron Pitowa ya kira ni daren jiya, wai an ce masa faranti ma sai an sauya, yana tambaya ko gaskiya ne ko cutarsa za a yi. Na ce gobe da safe ya same ni a ƙarƙashin dalbejiya.